Gambarar zamani a bukukuwan Yahudawa: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa bikin addinin Yahudawa da waƙar hip-hop?

Birnin New York ne ya haɗa su. A unguwar Bronx aka haifi hip-hop, wadda mu kan kira gambarar zamani, a shekarar 1973, a hannun matasa baƙar fata da 'yan asalin tsibiran Karibiyan. Birnin kuma shi ne matattarar Yahudawa mafi girma a wajen Isra'ila. Tun da wuri aka samu Yahudawa a harkar: Rick Rubin na cikin waɗanda suka kafa kamfanin faya-fayan waƙa na Def Jam, 'yan ƙungiyar Beastie Boys su uku kuma duk 'ya'yan Yahudawa ne. Sai dai waɗannan ba waƙar addini suke yi ba. Shigar da bukukuwa cikin kiɗan ta biyo baya.

Wane biki ya fi shiga waƙa?

Hanuka, babu tantama. Biki ne na kwana takwas da kan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, don tunawa da lokacin da mayaƙan Yahudawa da ake kira Makabiyawa suka ƙwato Haikalin Ƙudus daga hannun Sarki Antiyokas na huɗu a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowane dare ana ƙara kunna kyandir ɗaya, ana cin soye-soye. A addinance ƙaramin biki ne, amma a Amurka ya yi maƙwabtaka da Kirsimeti, yaron Bayahude kuwa yana jin waƙoƙin Kirsimeti a kowane shago, shi ma yana son nasa. Mawaƙin Amurka Matisyahu ya saki waƙar Hanuka a 2010, ɗan wasa mai gambara Daveed Diggs kuma ya yi wa yara tasa a 2020.

Akwai kuma dalili na shari'a. A ranar Asabar da manyan ranakun idi, masu riƙon addini sosai ba sa kaɗa kayan kiɗa, ba sa kunna na'urar lantarki. Wannan hani bai shafi ranakun Hanuka ba, in ban da Asabar ɗin da ta faɗo a ciki. Haka ma Furim, bikin barkwanci da shigar burtu.

To Idin Ƙetarewa fa, tunda yana cikin manyan ranakun?

Nan ne, a ganina, haɗin ya fi ma'ana. A daren farko iyali kan zauna cin abinci, wanda suke kira Seder, a ci gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, a karanta wani littafi mai suna Haggada da ke ba da labarin yadda Annabi Musa da Bani Isra'ila suka kuɓuta daga Fir'auna. Ƙaramin yaron gida ne ke rera tambayoyi huɗu, manya su amsa. Wato tun asali dare ne na faɗar labari da murya, da amshi, da baituka masu maimaituwa. Mai gambara bai sha wahalar neman ƙofa ba.

Labarin kansa ma ba baƙo ba ne ga baƙar fatar Amurka. Kakanninsu bayi sun rera Musa da Fir'auna a gonakin auduga, suna kwatanta iyayen gijinsu da Fir'auna. Idan aka ɗora Haggada a kan kiɗan da jikokinsu suka ƙirƙira, labari ɗaya ne ya dawo ta hanya biyu. Wani mawaƙin Kanada, Josh Dolgin, da aka fi sani da Socalled, ya fitar da faifai sukutum a kan haka a 2005, yana gutsuro sautin tsofaffin faya-fayan Yahudawa yana jera su a kan ganga. Mai kiyaye doka dai sai ya saurara kafin idi ya shiga, ba a kan teburin ba.

Malamansu ba sa faɗa?

Sun rabu. Wasu na ganin hanya ce ta riƙe matasa, wasu na ƙyamar kiɗan saboda batsa da ashar da aka san wani ɓangarensa da su. Mawaƙa masu addini sun iya bi da dokar. A makonnin da ke tsakanin Idin Ƙetarewa da Shabu'ot, idin da ke zuwa makonni bakwai bayansa, da yawa kan ƙaurace wa kayan kiɗa don alhini, sai ƙungiyoyi su koma kwaikwayon ganga da baki zalla. Ko hakan ya halatta, shi ma ana ta muhawara.

Ba satar al'adar baƙar fata ba ce?

Wani lokaci zargin na da tushe, musamman bidiyoyin raha da ake yi duk shekara, inda ake ara tafiya da hular 'yan gambara don a ba mutane dariya kawai. Amma akwai waɗanda gidajen biyu nasu ne. Mahaifiyar Diggs Bayahudiya ce, mahaifinsa baƙar fata. Nissim Black kuwa a Seattle ya tashi yana gambara tun kafin ya karɓi Yahudanci, ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙudus a 2016, yau kuma da baƙar hula da doguwar riga yake hawa dandamali.