Mene ne "kosha" a abincin Yahudawa?

Wanda ya taɓa zama a Amurka zai ga wata alama a jikin kayan gwangwani: harafin U a cikin da'ira. Alamar kosha ce. Kalmar daga Ibrananci ta fito, ma'anarta abin da ya dace, wato abincin da shari'ar Attaura ta halatta wa Bayahude.

Dabba sai mai rababben kofato kuma mai tuƙa. Saniya da akuya da tunkiya sun shiga, alade bai shiga ba, haka raƙumi da zomo, waɗanda mu muke ci. Kifi sai mai ɓawo da fiffike, ke nan babu tarwaɗa. Yanka kuwa sai ƙwararren mahauci mai ilimin addini, da wuƙa marar tsaga, sannan a barbaɗe naman da gishiri ya tsotse jinin. Ƙa'idar da ta fi ba baƙo mamaki ita ce nama da madara ba sa haɗuwa, ko a tukunya ko a kwano. Wanda ya ci tsire ba zai kora da fura da nono ba, wasu sai sun jira awa 6.

Nauyin kalmar ya fi fitowa a ƙasar baƙunci. Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka bar Gabashin Turai zuwa Amurka, da yawa suka sauka a Niyok. Harshe ya sauya, sutura ta sauya, amma tukunya ta ƙi. Inda mahaucin kosha yake, nan unguwa take kafuwa. A watan Mayun 1902, da kuɗin naman ya tashi daga santi 12 zuwa 18 na dalar Amurka kowace laba (kusan rabin kilo), matan unguwar Yahudawa a Niyok suka ƙaurace wa mahauta, suka fito titi, har farashin ya sauko. Talakawa ne, naman da ba kosha ba ya fi araha, amma suka gwammace su haƙura da nama gaba ɗaya. Wannan, a ganina, ya fi kowane fashin baƙi bayyana kalmar.

Musulmi da dama a Turai da Amurka sukan nemi alamar kosha idan halal ya yi wuya, suna dogara da ayar abincin Ahlul Kitabi a Suratul Ma'ida. Sai dai a kula: giyar inabi ma tana iya zama kosha, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kaya.