Ga matanmu na Makka da Jidda da za su fara gashin sankarar mama

Bayan an yi wa mace aikin sankarar mama, sau da yawa likita yakan tura ta sashen gashi da na'ura, wato inda ake haska wurin da wani haske mai ƙarfi (radiotherapy), domin a kashe ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Ga wadda aka cire wa ƙullutu aka bar mata nono, gashi yana rage yiwuwar dawowar cutar da kusan rabi, saboda haka bai kamata a tsallake shi ba don kawai jiki ya yi sauƙi. Akan fara shi ne bayan miki ya warke, ko bayan an kammala allurar kemo (maganin sankara da ake sakawa a jini) idan tana cikin tsarin maganin. Ana yin sa a Birnin Lafiya na Sarki Abdullahi da ke Makka, da kuma manyan asibitocin Jidda irin su Asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz.

Zuwan farko na awo ne. Za a kwantar da ke a na'urar hoto, hannuwanki a ɗage sama da kai, a auna wurin da hasken zai shiga, sannan a yi 'yan alamomi a fata da tawada, wani lokaci kuma ɗigo ƙanana da ba sa gogewa. Kada a goge alamomin nan wajen wanka. Ruwa ya bi ta kansu kawai. Wadda take son mace ta kula da ita ta faɗa tun ranar, haka kuma wadda take zaton tana da juna biyu, domin hasken yana cutar da ɗan tayi.

Yawanci akan yi zama 15 cikin mako 3, ko zama 25 cikin mako 5, daga Lahadi zuwa Alhamis, wasu matan ma zama 5 ake rubuta musu. Kowane zama bai cika wuce minti 20 ba, kuma yawancinsa wajen gyara kwanciya yake tafiya. Ba a jin zafi lokacin da na'urar take aiki. Idan nonon hagu ne, ana iya cewa ki ja numfashi ki riƙe na ɗan lokaci, domin zuciya ta nisanci hasken.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne fashin zama. An lissafa maganin ne a kan ya zo a jere, don haka wadda ta yi fashi saboda biki, ko baƙin Umara da suka sauka a gida, ko rashin mai kai ta, ta rage wa maganin ƙarfi. A nan nauyin yana kan maigida da 'ya'ya, su tsara mota da mai rakiya tun kafin ranar farko. Idan lalura ta hana zuwa, a kira sashen a ranar.

Fata takan fara canzawa daga mako na biyu ko na uku. A jikinmu mu baƙaƙe ba lallai ta yi ja ba; takan ƙara duhu, ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, musamman a ƙarƙashin nono da hammata, kuma abin yakan fi tsanani mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, sannan ya lafa. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, a shafa man da asibiti ya amince da shi kawai. Humra, man zafi, man bilicin da ƙaho duk a nisanta su daga wurin. Da zafin Makka, rigar auduga mai faɗi a ƙarƙashin abaya ta fi, a kuma kare wurin daga rana. Idan fata ta saɓule tana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a nuna wa ma'aikaciyar jinya ba tare da jinkiri ba.

Gajiya takan taru a hankali, don haka mai son yin azumi ta shawarci likitanta tukuna. Gashin kai ba ya zuba saboda wannan magani. Hasken kuma ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura, saboda haka babu dalilin ware wa mace kwano ko shimfiɗa, ko hana ta ɗaukar jikokinta. Mai tambaya a wajen lokacin asibiti tana iya kiran lambar Ma'aikatar Lafiya, 937.