Masu tambayata yadda ake fara haɗa ƙaramin gidan 'yar tsana, ga amsa sau ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina. Tambayoyin nan ba su da yawa amma kullum su ake ta maimaita min, wata na amsa mata jiya yau ta sake turo min da murya, toh na tattara su a nan, duk wadda ta sake tambaya nan zan nuna mata. Ku yi haƙuri in kun ga na ɗan yi faɗa.

Wai Anti ba wasan yara ba ne wannan?

A'a. Na yara na roba ne, yana nan cike a kanti. Gidan da aka yi wa Sarauniya Mary ta Ingila aka gama shi a 1924, yana fadar Windsor har yau, an sa masa ruwan famfo da wutar lantarki da lif, kuma Edwin Lutyens ne ya tsara shi, mutumin da ya tsara manyan gine-ginen New Delhi. A Amsterdam akwai na Petronella Oortman a gidan tarihi na Rijksmuseum, tun wajen 1686 ta fara tara shi, matar attajiri ce da hankalinta. In mijinki ya yi miki dariya ki karanta masa wannan.

Me zan fara saya?

Kata mai kaifi, wato 'yar wuƙar yankan kwali, da ƙarin reza, rula ta ƙarfe, fensir, farin gam na katako, samfefa, matsefata, fenti akrilik fari da baƙi da ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, burushi biyu. Shikenan. Rula ta ƙarfe na ce, ta roba kata zai cinye ta ya wuce kan yatsanki.

A ina ake samu?

Kantin littattafai na Jarir, ko maktabar unguwarku mai sayar da kayan makaranta, ko shagunan arha na abu riyalen. Katako da sukuru kantin kayan aiki na SACO ko wajen najjar, wato kafinta. Kar ki ce min babu a Makka, akwai.

Me ya sa kujerata ta fi ƙofar ɗakin tsawo?

Saboda ba ki auna ba, da ido kika yanka. Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi amma sai an ɓata kwali ake zuwa da ita. Ma'auni ɗaya ake zaɓa a tsaya a kansa tun daga ƙofa har cokali. Wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne 1:12, wato duk abin da kika auna a gidanki na gaske ki raba shi gida 12. Ƙofa mai mita 2 za ta dawo santimita 17 saura kaɗan. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 zai dawo wajen santimita 33 da 25. Gado mai santimita 190 zai dawo kusan 16. Ki ɗauki tef ki zagaya shaggarki, wato gidan da kike ciki, ki auna komai ki rubuta, wayarki na da kalkuleta. Akwai 1:24 wanda shi rabin wancan ne, ƙofa wajen santimita 8, yana da kyau ga wadda ba ta da wuri amma yana cin ido, in kina fama da tabarau ki bar shi. In kuma don Barbie ɗin 'yarki za ki yi, ita 1:6 ce, tsawonta wajen santimita 29, gidanta sai ya cinye miki rabin falo. Kuma dan Allah in za ki yi oda a intanet ki karanta ma'aunin da aka rubuta a ƙasa, hoto ba ya nuna girma.

In sayi wanda aka yanka aka sa a kwali, irin na kasuwannin intanet Amazon da Noon?

In kina so. Ki sayi ɗaya ƙarami ki koyi riƙe matsefata. Yawancinsu ƙanana ne, sun fi kusa da 1:24, kayan cikinsu ba za su zauna a ɗakin 1:12 ba. Ni dai ba na ganin daɗin ki haɗa shagon fulawa na Faransa iri ɗaya sak da na mutum dubu.

Ya halatta?

Ni ba malama ba ce. Gida da gado da tukunya ba su da rai. Maganar 'yar tsana ta yara, hadisin Nana A'isha tana wasa da su yana cikin Bukhari da Muslim. Ta manya kuma da mutum-mutumi mai fuska ki tambayi malaminki. Nawa babu mutane a ciki, takalma nake ajiyewa a bakin ƙofa, kowa ya gani ya san akwai mai ɗaki.

Na yi bango da kwali ya lanƙwashe, na sa gam ɗin bindiga ya saki. Da me zan yi ginin, da wane gam, wanda zai jure zafin ƙasar nan?

Toh nan ne amsar ba ɗaya ba ce, ya danganta da garin da kike, da inda za ki ajiye shi, da ko kina da niyyar ɗaga shi daga wurin. Wadda ke Jidda matsalarta laima ce, iskar teku, wadda ke Makka ko Madina ko Riyad matsalarta busasshen zafi da ƙura, kuma dukkanmu muna da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ake kunnawa a kashe, abu ya yi sanyi ya yi zafi ya yi sanyi, wannan shi ke buɗe mahaɗa.

Na farko dai in ɗaki ɗaya za ki yi, kuma ɗaki ɗaya nake so ki fara da shi, bango uku da ƙasa, ki nemi fom bod mai kauri milimita 5, wannan farin allon da 'yan makaranta ke yin aiki da shi, kumfa a tsakiya takarda a waje. Ba shi da nauyi, kata na yanka shi. Amma yana da halinsa. In kika shafa masa fenti ko farin gam a fuska ɗaya kawai zai lanƙwashe, don ruwan ya jiƙa takardar gefe ɗaya ta ja. Sai ki shafa gaba da baya, siriri, ki kwantar da shi ki ɗora masa littattafai ya kwana. Kuma kar ki kusanto da supa gulu ko fenti na fesawa ko UHU ɗin nan mai wari zuwa bakin kumfar, narkar da ita suke yi, za ki ga rami ya buɗe a gabanki. Akwai UHU da aka yi musamman don kumfa, an rubuta Por a jikinsa, in kin samu toh, in ba ki samu ba farin gam ya isa, ki soka allurai su riƙe har ya bushe.

In kuma gida sosai kike so mai hawa biyu, sai katako. MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, mai milimita 6 ko 9 yana da santsi, fenti na zama a kansa da kyau, ba ya tsada, najjar zai yanka miki in kin kai masa awo a rubuce. Sai dai yana da nauyi kuma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, in mukayyif ya ɗiga masa ko aka yi mofin ruwa ya taɓa gindinsa zai kumbura kuma ba ya komawa. A Jidda ni filawud na fi so, ya fi haƙuri da laima, ya fi riƙe sukuru, amma siririnsa shi ma yana iya karkacewa kuma bakinsa na tsagewa sai an bi da samfefa. Wata za ta ce miki nata MDF ne a Jidda shekara da shekaru bai yi komai ba, gaskiyarta, wataƙila ta shafe bakinsa da fenti sosai kuma yana kan tebur nesa da taga. Kowanne kika ɗauka ki rufe bakin katakon da fenti ko banish kafin ki haɗa, kar ki bar shi tsirara.

Gam ɗin bindiga kuwa, wanda ake sa masa kyandir, ban ce ki yar ba. Yana da amfani wajen riƙe abu na ɗan lokaci kafin farin gam ya kama, ɗigo biyu a kusurwa. Amma ki gina bango da shi kaɗai sannan ki bar gidan a but ɗin mota a watan Yuli ki shiga kasuwa, ko ki jingina shi a taga mai kallon rana, wallahi zai yi laushi ya saki. A ɗaki mai sanyi kullum wataƙila ya daɗe, ban musa ba. Farin gam yana son haƙuri, ki ɗaure da tef ɗin takarda ki bar shi ya kwana, kar ki riƙa taɓawa kina duba ko ya kama. Sannan masu dama fulawa su yi gam ko su yi ɗan abincin ado da ƙullin fulawa da gishiri, kyankyasai kuke gayyata, a Jidda ma ƙullin gishirin janyo laima yake ya yi taushi. Ki nemi yumɓun Fimo, ana gasa shi a obin a digiri 110 na minti 30, ko yumɓun da ke bushewa da iska. Duk wannan da na faɗa ki gwada a ɗan guntu tukuna, ki ajiye shi a inda gidan zai zauna na sati guda ki ga yadda ya yi, don shaggarki ba tawa ba ce.

Yaya ake sa wuta?

Ƙananan LED masu batir, irin mai volt 3. Kar ki kuskura ki jona komai da soket ɗin bango, wutar gidan nan 220 ce. Kuma batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ki rufe shi inda yaro ba zai kai ba, in ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, asibiti ne nan take ba jira. Wannan ba wasa nake ba.

Ba ni da hannu, ban iya zane ba.

Haba Hajiya. Kina yanka atamfa ki fitar da hannun riga, kina nannaɗe sambusa ɗari duk girma ɗaya a azumi. Za ki iya. Na farkon zai fito a karkace, na kowa haka yake, ki ajiye shi ki yi na biyu.

Wane irin gida zan yi?

Wanda kika sani. Abin da ke ba ni haushi kenan, kowa sai ta turo min hoton gidan Turawa mai murhun dumama ɗaki da bututun hayaƙi, alhali ɗakin kakarki yana kanki har yanzu, gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da langa har sama, randa a lungu, faifai a bango. Yaranmu da aka haifa a Sharar Mansur ta Makka da yawansu ba su taɓa ganin zaure ba sai a waya. Ki yi musu shi. Bangon ƙasa, ki kwaɓa ma'ajun ɗin da masu fenti ke cike bango da shi da ɗan farin gam da yashi mai laushi, ki shafa da yatsa, in ya fara ɗaurewa ki zana dagi da tsinken sakace, ya bushe ki bi da ja da ɗan baƙi da ruwan ɗorawa har ya yi kalar jar ƙasa. Zankwaye a saman soro da yumɓu. Azara da tsinken tsire. Ki duba hotunan Gidan Makama na Kano ki ga yadda bangon ke kauri a ƙasa ya sirance a sama. Ɓawon fustuƙ rabi, 'ya'yan itacen nan mai kama da gyaɗa, in kin goge bakinsa da samfefa kin shafa ruwan ɗorawa, ƙwarya ce sak. Murfin kwalba ya zama langa, ki ɗiga masa fulawoyi ja da kore da kan allura. Ƙwallon carbin da ya tsinke ya zama ƙafar gado. Abu ɗaya, kar ki yi zanin gado da ragowar atamfarki mai manyan fulawoyi, fure ɗaya zai rufe gadon duka, ki nemi yadi siriri mai ƙananan zane. Mai son na nan ƙasar kuma ta je Balad, tsohon garin Jidda, da yamma ta tsaya gaban tsohon gidan nan Baitu Nasif ta kalli rawashin, tagogin katakon nan masu ɓula-ɓula, da tsinken juya gahawa ake yin su, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Ƙura fa?

Ki rufe gaban da farar roba mai nuna ciki. Ciki kuma burushin hoda.

In zan koma gida zan iya tafiya da shi?

In da gam kika haɗa gida mai hawa biyu, toh sai addu'a, kago ba ya tausayi. Wadda ta san wata rana za ta tattara ta haɗa da sukuru tun farko, ta kwance shi ya kwanta shafal a ƙasan akwati tsakanin kaya. Ƙananan kayan ciki a gwangwanin alawa da auduga, ki riƙe a hannu. Kata da reza kuma cikin babban akwati, in suna jakar hannu a filin jirgi za a karɓe.

Anti ki haɗa min zan biya.

A'a.

Toh ki koya min ta waya.

Ki yanko bango uku da ƙasa tukuna, ki fitar da ƙofa, ki ɗauki hoto da rula a tsaye a gefen ƙofar in ga santimita nawa ce, sai mu yi magana.