Tauraron teku: ajiyar kuzari da haihuwa

Tauraron teku wata dabba ce marar ƙashin baya da ke zaune a ƙasan teku, wadda masana ke kiran rukuninta Asteroidea. An san nau'i kusan 1,900. Galibinsu hannu biyar gare su, wasu kuma sun haura ashirin. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jini irin namu. Ruwan teku yake zuƙa ta wata ƴar rariya a bayansa, ya tura shi cikin ɗaruruwan ƙananan ƙafafu masu kama da bututu, da su yake tafiya yake kama abinci. A ruwan gishiri kaɗai yake rayuwa, saboda haka babu shi a kogin Isa da ya ratsa Yamai, babu shi a tafkin Tabalak.

Asali

Burbushinsa mafi tsufa ya kai wajen shekara miliyan 450 ko fiye. Yankin Tawa yana da alaƙa da wannan tarihi: kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato, ya bar dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. A cikin irin wannan dutse ana tsintar ƙwanson ƴan uwansa, wato bushiyar teku mai ƙaya.

Ci da ajiya

Abincin yawancinsu kumba ne da sauran dabbobi masu ƙwanso. Yakan rungume kumba, ya yi ta jan ƙwanson har ya buɗe ɗan kaɗan, sai ya fito da cikinsa ta baki ya zura ta wannan kafa, ya narkar da naman tun yana cikin ƙwanso.

Abin da ya narke yana wucewa cikin jakunkuna biyu dogaye da ke kwance a kowane hannu. Su ne rumbunsa: nan yake tara kitse da sukari da furotin lokacin wadata, nan kuma yake ɗiba idan abinci ya yi wuya. A ƙarƙashinsu, cikin hannun dai, akwai wasu jakunkuna biyu na ƙwai ko maniyyi. Tun a shekarun 1950 masu bincike a gaɓar Kalifoniya suka riƙa auna nauyin waɗannan gaɓoɓi wata-wata a jikin nau'in Pisaster ochraceus. Suka ga jakar ajiya tana cika a watannin da ya fi ci, sannan ta riƙa ramewa yayin da jakar ƙwai ke kumbura, har a zubar da ƙwan wajen ƙarshen bazararsu. An ga makamancin haka a jikin Asterias rubens na tekun Turai. Ma'anar wannan ita ce ƙwan bana daga abincin watannin baya yake fitowa, kuma duk abin da ya ci wannan ajiya kafin lokaci ya rage haihuwa ke nan.

Idan yunwa ta yi tsawo, jikinsa gaba ɗaya yakan ƙanƙance, ya yi watanni a haka bai mutu ba. Hannun da ya guntule yana tsirowa, amma asara ce biyu: ajiyar da ke cikinsa ta tafi, sabon kuma daga sauran za a gina shi.

Haihuwa

Mafi yawan nau'i akwai namiji akwai mace, ko da yake ba a bambanta su da ido. Suna sakin ƙwai da maniyyi cikin ruwa, a can suke haɗuwa. Macen Asterias rubens takan saki ƙwai har miliyan 2.5 a zubi ɗaya. Ƙwan yana zama ƴar tsutsa mai yawo a ruwa tana cin ƙananan tsirrai na tsawon makonni, kafin ta sauka ƙasa ta ɗauki siffar tauraro. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa nan.

Wasu ƙananan nau'i, musamman na ruwa mai sanyi, irin su Leptasterias, ƙwai kaɗan manya suke yi, uwar ta kife a kansu har su ƙyanƙyashe. Da yake bakinta a ƙasa yake, ba ta cin abinci duk tsawon wannan kwanci. Wasu kuma rabewa biyu suke yi, kowane ɓari ya cika kansa.

A 1969 Haruo Kanatani na Japan da abokan aikinsa suka gano sinadarin da ke sa ƙwai ya nuna. A 1982 John Pearse da Douglas Eernisse suka ajiye Pisaster a ɗakin gwaji, suka juya masa tsawon yini da wata shida, sai haihuwarsa ma ta juya da wata shida. Wannan gwaji ya cancanci a tsaya a kansa. Ya nuna tsawon yini ne ke saita lokacin yin ƙwai, alhali ɗumin ruwa ne ke saita yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa. Tsawon yini ba ya canzawa da ɗumamar duniya, ɗumin ruwa kuwa yana canzawa.

Sauyin muhalli

Jikinsa ɗumin ruwan da yake ciki yake bi. A 1999 Eric Sanford ya nuna a gaɓar Oregon cewa saukar zafin ruwa da digiri 3 kacal ta rage cin Pisaster sosai. Ruwa mai ɗumi yana ƙara ci, yana kuma ƙara abin da ake kashewa don a rayu kawai; idan kumba ba ta wadata ba, ajiya ce ke biya. Wanda ke zaune inda ruwa ke janyewa yakan cika jikinsa da ruwan sanyi kafin rana ta same shi a fili.

Ƙarancin gishiri ma yana da tsada. A yammacin tekun Baltik, inda gishiri ya yi ƙasa da giram 35 a lita da aka saba a babban teku, Asterias rubens ba ya kai girman na tekun Arewa.

Game da ƙaruwar tsamin ruwan teku, sakamakon gwaji ya sha bamban daga nau'i zuwa nau'i. Haka nan masana sun rabu kan ko takin gona da ke gangarawa teku ne ke ciyar da tsutsar Acanthaster, tauraron teku mai cin murjani, har ta yi yawa a gaɓar Ostareliya.

Annobar 2013

Daga 2013 wata cuta ta bazu daga Alaska zuwa Meziko, ta kama nau'i kusan 20. Fararen gyambo ke fitowa, hannuwa su karkaɗe, dabbar ta narke cikin kwanaki. Nau'in Pycnopodia helianthoides ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na yawansa, kuma a 2020 aka sa shi cikin masu dab da ƙarewa. Bushiyar teku da yake ci ta yawaita ta cinye dazukan ciyawar teku a arewacin Kalifoniya. A 2014 an zargi wani bairos, daga baya aka yi shakka. A 2025 wani bincike ya ɗora alhakin a kan bakteriya Vibrio pectenicida. A wurare da dama ɓarnar ta fi muni a shekarun da ruwa ya yi ɗumi fiye da kima.