Waiwaye: Tarihin Jarrabawar Turanci da Ake Yi wa 'Ya'yan Gidaje Masu Harsuna da Yawa a Amurka

Duk wanda ya je sa ɗansa a makarantar gwamnati a Amurka, cikin takardun da za a miƙa masa akwai wata gajeriya mai tambayoyi uku ko huɗu: da wane harshe yaron ya fara buɗe baki, wane harshe ya fi amfani da shi, kuma wane harshe aka fi yi a gida. Idan iyaye suka rubuta wani harshe da ba Turanci ba, ko da a gurbi ɗaya ne, to a yawancin jihohi za a gwada Turancin yaron cikin kwana 30, kuma idan makinsa ya gaza sai a rubuta shi a rukunin masu koyon Turanci, ya riƙa zana jarrabawa kowace shekara har ranar da ya kai makin da jiharsa ta yanka. Alƙaluman cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar sun nuna cewa a 2021 yara miliyan 5.3 ne ke cikin wannan rukuni, wato kashi 10.6 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati. Kusan uku cikin kowane huɗu daga gidajen masu Sifaniyanci suka fito, kuma mafi yawansu a Amurka aka haife su.

Wannan tsari iyaye ne suka yi fafutukarsa a kotu domin a daina zaluntar 'ya'yansu, kuma sai an san zaluncin da ya haifar da shi kafin a gane dalilin da ya sa masu sukarsa a yau ba sa cewa a soke shi.

A farkon ƙarni na 20 babu wanda ya damu da auna Turancin yaro a matsayin wani abu mai zaman kansa. Abin da ake yayi a lokacin shi ne gwajin kaifin basira, wanda aka yi wa baƙin haure da ke sauka a tsibirin Ellis na New York, aka kuma yi wa ɗimbin sojoji daga 1917, kafin ya bazu zuwa makarantu. Da Turanci ake yin tambayoyin da aka kai makarantu, don haka yaron da bai ji abin da aka tambaye shi ba sai a rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza. Tun a shekarun 1930 wani masanin ilimi ɗan jihar New Mexico, George Sánchez, ya riƙa rubutu yana jan hankali cewa abin da ake aunawa a wurin yara masu Sifaniyanci sanin Turanci ne da sabo da rayuwar Turawa, amma hukumomi suka yi kunnen uwar shegu da shi. A gefe guda kuma, rashin Turanci ya zama hujjar ware yara. A shari'ar Mendez, wadda iyaye 'yan asalin Meziko suka shigar a kudancin Kalifoniya, hukumomin makarantu sun ce matsalar harshe ce ta sa suka keɓe wa yaran makarantu na dabam. Alƙalin da ya yanke hukunci a 1946 ya gano cewa gwajin da ake yi wa yaran na jeka-na-yi-ka ne, kuma a wasu wuraren sunan mahaifin yaro kawai ake dubawa a san inda za a tura shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haramcin wariyar a 1947.

Duk da haka gwajin basira da Turanci bai tsaya ba. A 1970 aka shigar da ƙara a Kalifoniya, wadda aka fi sani da shari'ar Diana, a madadin yara tara 'ya'yan leburorin gona 'yan asalin Meziko da aka jefa ajin masu raunin ƙwaƙwalwa bisa sakamakon irin wannan gwaji. Da aka sake gwada su aka ba su damar amsawa da Sifaniyanci, yawancinsu suka haye makin da aka ce sun gaza kaiwa. Jihar ta amince da sulhu cewa daga nan sai an gwada yaro da harshen da ya fi iyawa kafin a yanke masa irin wannan hukunci.

Ta fuskar doka kuwa, hanya ta fara buɗewa ne da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta hana duk hukumar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda launin fata ko asalin ƙasa, sai dokar koyarwa da harsuna biyu ta 1968, wadda Sanata Ralph Yarborough na Teksas ya jagoranta. Babbar rana ita ce ta Janairun 1974, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, kan yara kimanin 1,800 'yan asalin Sin da ke zaune a azuzuwan San Francisco ba tare da wani taimako na koyon Turanci ba. Mai shari'a William Douglas ya bayyana cewa bai wa yara gini ɗaya da littattafai ɗaya da malamai ɗaya ba adalci ba ne matuƙar wasunsu ba sa jin harshen da ake koyarwa da shi. Kotun ba ta faɗi hanyar da za a bi ba, amma ta ɗora wa makarantu nauyin yin wani abu, kuma ba a taimakon wanda ba a san da shi ba. Saboda haka ƙa'idojin da ofishin kare haƙƙin jama'a na tarayya ya fitar a 1975 suka umarci makarantu su binciki harshen gidan kowane yaro su kuma tantance ƙarfinsa a Turanci. Takardar tambayoyin nan da ake cikewa ranar rajista daga nan ta samo asali.

Abin da ya faru a birnin New York a daidai wannan lokaci ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya tona asirin da ke ƙarƙashin kowace jarrabawa irin wannan. Bayan sulhun da ƙungiyar Aspira ta 'yan Puerto Rico ta cimma da hukumar ilimin birnin a 1974, an ƙirƙiro jarrabawa domin tantance yaran da suka cancanci koyarwa da Sifaniyanci, sai gardama ta tashi kan inda za a ja layi. Kotu ta yanka cewa wanda makinsa ya faɗa cikin kashi 20 na ƙasa, idan aka kwatanta da yara masu Turanci, shi ne mai buƙata. Ma'anar wannan ita ce ɗaya cikin kowane yara biyar da ba su san wani harshe ba sai Turanci shi ma da zai faɗi da an gwada shi. A 1989 jihar ta ɗaga layin zuwa kashi 40, nan take yaran da jiya aka ce sun iya Turanci suka wayi gari cikin masu buƙatar taimako. Babu wani abu a bakin yaro da ke nuna ranar da ya gama iya harshe. Mutane ne ke zama su yanka maki, kuma kuɗi da yawan malamai da siyasa duk suna zaune a wurin yankan.

Jarrabawoyin shekarun 1970 da 1980 yawancinsu na baka ne: a nuna wa yaro hoto a ce ya faɗi abin da ya gani, ko a ba shi labari ya maimaita. Kamfanoni dabam-dabam ne suka yi su, kowace gunduma ta sayi wadda ta ga dama, kuma ba abin mamaki ba ne yaro ya ci wannan ya faɗi waccan. Masanin da ya fi sauya tunanin mutane a nan shi ne Jim Cummins, mai bincike a Kanada, wanda daga 1979 ya bambanta Turancin hira da wasa, da yaro kan kama cikin kamar shekara biyu, da Turancin karatu da rubutu na aji, wanda kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Binciken da Kenji Hakuta da abokan aikinsa suka fitar a 2000 ya kawo adadi makusancin wannan, shekara huɗu zuwa bakwai. An soki rabon na Cummins ta fuskoki da dama, amma ya bayyana abin da malamai suka daɗe suna gani, wato yaron da bakinsa ya faɗa da Turanci a filin wasa amma littafin kimiyya ya gagare shi. Hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a shari'ar Castañeda a 1981 ya ƙara wa jarrabawa wani aiki, domin ya ce dole shirin makaranta ya ginu kan ingantaccen ilimi, a ba shi isassun malamai da kayan aiki, sannan a riƙa duba ko yana haifar da ɗa mai ido.

Daga ƙarshen shekarun 1990 iskar siyasa ta juya. Masu zaɓe a Kalifoniya sun amince a 1998 da ƙudurin da ya taƙaita koyarwa da harsuna biyu ya kuma ɗauka cewa shekara ɗaya ta Turanci zalla ta isa, Arizona ta bi sahu a 2000, Massachusetts a 2002. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan sabuwar dokar ilimi ta tarayya, wadda ta wajabta wa kowace jiha gwada masu koyon Turanci duk shekara a fannoni huɗu: saurare, magana, karatu da rubutu, tare da hukunta gundumomin da ɗalibansu ba sa ci gaba. Ƙananan jihohi ba su da ƙarfin yin jarrabawa su kaɗai, shi ya sa Wisconsin da Delaware da Arkansas suka haɗa kai aka kafa ƙungiyar WIDA a 2003, wadda jarrabawarta mai suna ACCESS ta fara aiki a 2005 kuma yanzu yawancin jihohi ke amfani da ita. A lokacin, Kalifoniya da Teksas da New York da Arizona kowace ta riƙe tata. Daga wannan lokaci jarrabawa ɗaya ta ɗauki kaya uku, tana tantance yaro, tana auna makaranta, tana kuma shafar rabon kuɗi, kuma buƙatun ukun ba kullum suke tafiya tare ba.

Gidan da ake harsuna da yawa shi ne ya fi shan wahalar wannan tsari, domin an gina takardar rajistar ne kan zaton cewa kowane gida yana da harshe ɗaya. A gidan da uba ke da harshensa, uwa ke da nata, kaka ke yin na uku, yara kuma suna Turanci a tsakaninsu, babu amsa ɗaya ta gaskiya ga tambayar wane harshe ake yi a gida. Iyalin da suka fito daga Najeriya ko Gana ko Indiya, inda iyayen da Turanci suka yi karatu, suna iya ganin an sa ɗansu a rukunin masu koyo don kawai sun ambaci harshen kakanni. Sannan yawancin yaran ana gwada su ne suna 'yan shekara biyar, a gaban baƙon da ba su taɓa gani ba, inda kunya kaɗai ta isa ta rage maki. Da labari ya bazu, wasu iyaye sai suka koma rubuta Turanci a kowane gurbi, yaron da ke da buƙata ta gaske ya wuce ba a gan shi ba. Arizona ta gwada rage tambayoyin zuwa ɗaya tak a 2009, sai hukumomin tarayya suka gano cewa hakan na zubar da yara masu buƙata, jihar ta koma tambayoyi uku a 2011. Iyaye suna da ikon ƙin darasin musamman, amma wannan ba ya ɗauke wa yaro jarrabawar shekara-shekara. Abin da ya fi damun marubucin wannan maƙala shi ne, in ban da Sifaniyanci a wasu wurare, da wuya a auna abin da yaron ya sani a sauran harsunansa, kamar mai ƙiyasta amfanin gona ne ya leƙa rumbu ɗaya ya bar sauran a rufe.

Fita daga rukunin ma wata rigima ce. Jihohi biyu na iya amfani da ACCESS ɗaya amma kowace da makin fitarta, wasu kuma su ƙara sharaɗin ra'ayin malami ko cin wata jarrabawar, ta yadda yaro kan zama gwani ko mai koyo gwargwadon inda iyayensa suka yi ƙaura. Da WIDA ta tsaurara ma'auninta a 2016, yawan masu fita ya ragu sosai a 2017 a jihohi da dama ba tare da Turancin yaran ya ragu ba. Wani bincike da Laurie Olsen ta yi a gundumomi 40 na Kalifoniya a 2010 ya gano cewa kashi 59 cikin ɗari na masu koyon Turanci a matakin sakandare sun haura shekara shida a rukunin. Da yawansu Turanci ne harshen da suka fi iyawa, abin da ke kayar da su karatu da rubutu ne, wanda ke kayar da wasu 'yan ajinsu da ba a taɓa gwadawa ba, kuma lokacin da suke ɓatawa a darasin Turanci na musamman yakan hana su darussan da ake buƙata domin shiga jami'a. Gaggawar fitarwa ita ma tana da nata laifin, domin a 2012 Arizona ta sake yin sulhu da gwamnatin tarayya kan dubban yaran da jarrabawarta ta sallama tun ba su ƙware ba.

Dokar ilimi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015 ta tilasta wa kowace jiha ta daidaita ƙa'idar shiga da fita a duk gundumominta, ta kuma sa ci gaban masu koyon Turanci cikin babban ma'aunin da ake auna makarantu da shi, amma ba ta samar da ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya ba. Kalifoniya ta janye yawancin takunkumin 1998 ta hanyar ƙuri'a a 2016, ta kuma sauya jarrabawarta zuwa ELPAC a 2018. Hatimin shaidar ƙwarewa a harsuna biyu, wanda jihar ta fara bugawa a takardar kammala sakandare a 2012, ya bazu zuwa sauran jihohi, sai dai a ƙarshen karatu ake ba da shi, ga wanda ya nema. A Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma na Amurka, amma umarnin bai soke hukuncin Lau ba, bai kuma taɓa sashen dokar 2015 da ya wajabta jarrabawar kowace shekara ba.