Jarrabawar Turanci ta jiha a Amurka: me doka ta ce, kuma wa ake ɗorawa a kan sikeli?

Wata ranar Asabar cikin watan Maris, bayan an tashi yara daga islamiyya a unguwarmu ta Bronx da ke birnin New York, wata maƙwabciyata, Bahaushiyar Kumasi, ta tsaya a bakin ƙofa da takarda a naɗe cikin gefen mayafinta. Ɗanta yana aji bakwai. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, duba mini wannan don Allah. An ce jarrabawar gwamnati ce ta Turanci. In bai ci ba, maimaita masa ajin za su yi ko?" Kafin ma ta zo wurina ta riga ta hana yaron fita ƙwallo, ta kuma fara cigiyar mai koyarwa a gida wanda kuɗinsa ya kusa cinye albashinta na mako. Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, mu zauna tukuna."

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mu mun taso ne a inda jarrabawa take yanke wa yaro hukunci: kwaman entiran da WAEC a Najeriya, BECE a Ghana, BEPC a Nijar. Ka ci ka wuce, ka faɗi ka zauna. To wannan ta jiha da ake yi wa 'yan aji uku zuwa takwas a Amurka, wato yara masu shekara 8 zuwa 14, ba don haka doka ta kafa ta ba. Makarantar ce ake so a auna, ta hanyar yaran da ke cikinta. Wanda ya gane wannan zai gane sauran.

A Amurka sha'anin makaranta na jihohi ne, gwamnatin tarayya ba ta da ikon tsara abin da za a koyar a aji. Abin da take da shi shi ne kuɗi. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ilimin firamare da sakandare, wadda ta buɗe hanyar tura kuɗin tarayya zuwa makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Duk jihar da ta karɓi kuɗin, to ta karɓi sharuɗɗan da ke tare da su. A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a sabon salon dokar mai suna No Child Left Behind, ma'ana kada a bar ko yaro guda a baya. Ita ce ta wajabta jarrabawar karatu da ta lissafi kowace shekara tun daga aji uku har aji takwas, ta kuma ce zuwa 2014 dole kowane ɗalibi a ƙasar ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta yi ta gazawa shekara bayan shekara ana iya sauya malamanta ko shugabanninta, ko a sake mata fasali gaba ɗaya.

Buri ne mai kyau, amma an ɗora wa malamai kayan da ya fi ƙarfin wuyansu. Makarantu da yawa suka rage lokacin tarihi da zane da kimiyya suka koma haddar dabarun cin jarrabawa. A birnin Atlanta abin ya kai ga goge amsoshin yara ana gyarawa, har a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi. A ranar 10 ga Disambar wannan shekarar Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ke aiki yanzu, Every Student Succeeds Act, wadda kowa ke kira ESSA.

ESSA ba ta soke jarrabawar ba. Har yanzu dole kowace jiha ta gwada yara a karatu da rubutun Turanci da kuma lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Abin da ta sauya shi ne hukuncin. Ta cire wancan wa'adi na kowa da kowa, ta bar wa jihohi su tsara yadda za su auna makarantunsu, da sharaɗin su zaƙulo aƙalla kashi 5 cikin 100 mafi rauni daga makarantun da ke karɓar kuɗin tallafin talakawa, su ba su kulawa ta musamman. Ta kuma hana gwamnatin tarayya tilasta wa jiha wata manhaja. Shi ya sa sunan jarrabawar ya bambanta: a Texas STAAR ce, a Florida FAST, California kuwa tana amfani da Smarter Balanced. Iyalin da suka yi ƙaura daga jiha zuwa jiha sai su tarar da wata jarrabawa daban da wasu ƙa'idoji daban.

Akwai sashe guda na dokar da nake ganin ya fi kowane muhimmanci gare mu. Ba a yarda makaranta ta kawo jimillar sakamako kawai ba. Dole ta ware: ga yadda 'ya'yan marasa ƙarfi suka yi, ga na baƙaƙen fata, ga na masu lalura, ga na yaran da ke koyon Turanci. Da ba don wannan ba, makaranta tana iya bugun ƙirji da maki mai kyau alhali yaranmu na can bayan aji shiru, babu mai tambayar ko suna fahimta. Wannan rabe-raben ne ke fito da su fili, kuma alƙaluman na kowa ne, ana wallafa su a shafin ma'aikatar ilimi ta jiha.

Bari in tsaya a New York, inda na fi sani. Ana yin jarrabawar Turanci ne wajen watan Afrilu zuwa farkon Mayu. Da kwana uku ake yi, a 2018 aka mayar da ita kwana biyu. Tun 2016 aka cire ƙayyade lokaci, yaro zai ci gaba da aiki muddin yana yi da gaske, cikin lokacin makaranta na ranar. Jihar ta kuma bi a hankali ta sauya daga takarda zuwa kwamfuta. Sakamako mataki huɗu ne: na 3 da na 4 su ne suka kai abin da ake nema, na 1 da na 2 ba su kai ba tukuna. Ba ya fitowa da wuri, sai an shiga dogon hutu, wani lokaci har an koma makaranta a Satumba.

Ga amsar tambayar Hajiya. A 2014 majalisar jihar ta yi doka cewa ba za a rubuta makin wannan jarrabawa a takardar shaidar karatun yaro ta dindindin ba, kuma makaranta ba za ta mayar da shi dalili guda tilo, ko babban dalili, na ciyar da yaro gaba ko tsayar da shi ba. Aikinsa na aji, da abin da malamansa suka gani a tsawon shekara, su ne kan gaba. Idan ya samu ƙaramin mataki, abin da ya hau kan makaranta shi ne ta duba ko yana buƙatar ƙarin taimako ta ba shi. Amma a kula, wannan dokar New York ce. Wasu jihohi irin su Florida da Mississippi suna iya tsayar da ɗan aji uku saboda makin karatu, don haka kowa ya tambayi yadda abin yake a jiharsa. Kada kuma a haɗa ta da SHSAT, jarrabawar shiga manyan makarantun musamman na birnin New York da 'yan aji takwas ke rubutawa. Wannan kam gasa ce, kuma makinta shi ke ba da gurbi.

Sai batun sabon zuwa, wanda shi ne ya fi shafar gidajenmu. Dokar tarayya ta ba jihohi damar yafe wa yaron da ke koyon Turanci jarrabawar Turanci sau ɗaya, idan bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba. New York tana amfani da wannan dama. Lissafi kuwa babu yafiya, zai rubuta, sai dai ana fassara takardar zuwa wasu manyan harsuna kamar Larabci da Sifaniyanci, kuma ga harshen da ba a fassara ba, irin Hausa, an yarda a samo mai fassara da baki. A jarrabawar Turanci ba a fassara komai, amma an yarda ya riƙe ƙamus mai ba da kalma da takwararta kawai, ba mai bayani ba, kuma ana iya zaunar da shi a wani ɗaki dabam. Ban da wannan, duk shekara akwai wata jarrabawa ta daban da ke auna yadda Turancinsa ke ƙaruwa a ji da magana da karatu da rubutu.

Duk waɗannan sauƙaƙe-sauƙaƙe ba sa samuwa sai an rubuta yaro cikin masu koyon Turanci, kuma ƙofar shiga ita ce takardar tambayar harshen gida da ake cikewa ranar rajista. Na ga iyaye da dama sun rubuta Turanci kaɗai, saboda tsoron kada a raina ɗansu ko a kai shi ajin baya. Yaron da ya yi firamare da Faransanci a Maraɗi ko Zinder, aka rubuta masa Turanci a wannan takarda, an rufe masa ƙofar taimakon da doka ta ba shi. A faɗi gaskiya: Hausa muke yi a gida. Za su gwada shi, idan Turancinsa ya isa shi ke nan. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, makarantar gwamnati ba ta da ikon korar yaro saboda takardun zaman iyayensa. Yaro mai lalura kuwa, duk sauƙin da aka rubuta masa a tsarinsa na musamman yana bin sa har ɗakin jarrabawa.

Ana iya ƙin rubutawa? ESSA ta ce jiha ta gwada aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɗalibai, har a cikin kowane rukuni, amma ta bar wa dokokin jihohi batun 'yancin iyaye. California ta yarda da shi a rubuce. A New York iyaye kan aika wa shugaban makaranta wasiƙa, kuma a 2015 kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar bai zauna ba, abin ya fi ƙarfi a yankin Long Island. Ba a hukunta yaron. Makarantar ce ke ɗaukar nauyin, domin idan aka gaza kashi 95, gibin ana lissafa shi kamar waɗanda ba su kai mataki ba. Ni dai ba na ba mutanenmu shawarar ƙi, sai in yaro na cikin wani hali na rashin lafiya ko damuwa. Iyayen da ke da kuɗi da ilimin boko suna da hanyoyi goma na sanin inda ɗansu ya kwana a karatu. Uwar da ke aikin jinya a gidajen tsofaffi dare da rana, wannan takarda tana cikin 'yan abubuwan da za su gaya mata gaskiya daga wajen makarantar.

To yaya ake shiri? A nan ma doka ta yi magana. Dokar 2014 ta New York ta ce atisayen jarrabawa irin na zama shiru a cike takarda kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na lokacin koyarwa na shekara. A shekarar karatu mai kwana 180, bai kai kwana huɗu ba. Idan ɗanka ya shafe wata guda yana dawowa da takardun zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, babu littafi, kana da hurumin tambaya cikin ladabi.

Dalilin wannan iyaka a fili yake ga duk wanda ya buɗe takardar. Babu abin haddacewa. Ana ba yaro guntayen rubuce-rubuce da bai taɓa gani ba, labari ko waƙa ko bayani kan kimiyya da tarihi, sai a tambaye shi: mene ne jigon, me wannan kalma take nufi a nan, me ya sa marubucin ya kawo wannan sakin layi. Akwai gajerun amsoshi masu maki biyu, inda ake so ya faɗi matsayinsa ya kafa hujja da abu biyu daga cikin rubutun. Akwai kuma doguwa mai maki huɗu, wadda galibi ke haɗa rubutu biyu.

A kan gajeriyar amsar nan yaranmu suka fi zubar da maki, kuma ba don rashin fahimta ba. Da na zauna da ɗan Hajiya, na ba shi wani labari daga tsofaffin tambayoyin da ma'aikatar ilimi ta jiha ke sakewa kyauta a intanet duk shekara. Ya karanta, na tambaye shi me ya sa yarinyar cikin labarin ta sauya shawara. Nan take ya ba ni amsa daidai. Na ce, "Ina hujjarka?" Ya kalle ni ya ce ai a bayyane yake. Na ce ya ɗora yatsa a kan layin. Ya ɗora. Na ce ya nemo na biyu. Ya ɗan jima yana bin shafin da fensir, sai ya samo. Abin da ake nema ke nan, kuma uwar da ba ta iya Turanci ba tana iya yi masa wannan horo da Hausa: ya karanta, ya ba ta labari, ta ce, "A ina aka faɗi haka? Nuna mini."

Sauran shirin ba ya cin kuɗi. Katin laburaren birni kyauta ne, kuma tun 2021 laburaren New York suka daina cin tarar jinkirin dawo da littafi. Minti ashirin ko talatin na karatu kullum daga Satumba ya fi zaman dirshan na mako biyu a Afrilu, kuma a riƙa haɗawa da rubutun da ba labari ba, domin shi ne ke ba yara wuya. Tunda a kwamfuta ake yi, yaron da ya saba da latsa waya kawai yana buƙatar ya saba da buga dogon rubutu a kan allon haruffa. Wanda bai samu zuwa ranar ba saboda ciwo, akwai ranakun ramuwa.

Idan sakamakon ya iso, kada a tsaya a lambar matakin. Takardar tana nuna yadda yaro ya yi a ɓangaren karatu da ɓangaren rubutu daban-daban. A ɗauke ta a je taron iyaye da malamai, a nemi tafinta tun kafin ranar, domin doka ta ce a sanar da iyaye cikin harshen da suke ji gwargwadon iko, a kuma tambayi malamar Turanci wane taimako aka tanadar masa bana, sau nawa a mako, kuma wa zai ba shi. Hajiya ta fasa ɗaukar mai koyarwar. Ta yi wa yaron katin laburare a reshen da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ya kuma koma ƙwallonsa na ranar Lahadi.