Harshen damo a rubutun Hausa

Harshen damo shi ne a rubuta jimla mai ɗaukar ma'ana biyu ko fiye, mai karatu ya rasa wacce ake nufi. A Hausa abin ya fi yawa a rubuce, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti kuma ba ya bambanta dogon wasali da gajere, alhali a baki su ne ke raba kalmomi da yawa.

Tarihi

Tushen matsalar na cikin yadda aka tsara bokon ne tun farko. Hanns Vischer, Baturen jami'in ilimi da ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu wajen 1912, haruffa masu ƙugiya irin su ɓ, ɗ da ƙ kuma sai a shekarun 1930 suka zauna, daga nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su sosai. Ƙamusun Hausa da Turanci na Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum bai ɗauka ba, an dogara ne da cewa Bahaushe zai gane daga yanayin maganar. A ajami kuwa ana iya nuna dogon wasali. Masana sun sha muhawara kan ko a riƙa sa alamomi, har yau ba a sawa.

Yadda ake gyarawa

Misali "garin ya yi tsada", gari na mutane ko gari na tuwo? Dukkansu namiji ne, shi ya sa dole a ƙara kalma, a ce "garin masara ya yi tsada" ko "zama a garin akwai tsada". Wani lokaci jinsi kaɗai ya isa: kukan yaro namiji ne, kukar miya mace, haka wuyan riga da wuyar aiki. Wanda ya fi rikitarwa shi ne irin "na ce ya tafi", wanda zai iya zama labari ko umarni, gyaransa "na ce ya riga ya tafi" ko "na umarce shi ya tafi".

A waya

Masu rubutu a WhatsApp da Facebook sukan bar ƙugiya su kuma haɗe kalmomi, sai "ya bata kudi" ta tashi tsakanin "ya ba ta kuɗi" da "ya ɓata kuɗi". Nan raba kalma da sa ƙugiya kawai ake buƙata.